Kurmin Bakin Gari da Gandun Dajin Hukuma

Garin Zuru yana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, a ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai da rafuka, Rikoto kuwa ɗaya ce daga manyan unguwanninsa. A zamanin Jihar Arewa ƙasar tana cikin Lardin Neja, a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, da aka ƙirƙiro Kebbi a 1991 ta faɗa cikinta. Mafi yawan mutanenta Lelna ne, waɗanda Hausawa su ke kira Dakarkari, tare da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauran ƙabilu. An san su da noma da kokawa da aikin soja, da bikin Uhola na bayan kaka, da al'adar golmo, watau noman da saurayi ya kan yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata.

Kusa da garin akwai wani wuri da a ke kira Girmace. Kurmi ne mai itatuwa masu duhu da ruwa, cikin ruwan kuma akwai kadoji. Wurin bauta ne na masu addinin gargajiya, nan su ke kai roƙonsu da yankansu. Yau mafi yawan mutanen Zuru Musulmi ne ko Kirista, amma kurmin yana nan, har Jihar Kebbi tana lissafa shi cikin wuraren da baƙi su ke zuwa gani. Abin da ya dace a lura da shi shi ne, babu wani Bature da ya zo da igiyar awo ya shata iyakar Girmace, babu dokar Gwamna da ta kafa shi. Maƙwabtansa ne suka hana kansu sa masa gatari, suka hana 'ya'yansu jifan abin da ke cikinsa, ta haka ya tsira a gefen gari, inda kowace mace ta ke bukatar itacen girki, kowane magidanci kuma ya ke neman ƙarin gona.

Irin wannan kurmi ba a Zuru kaɗai aka san shi ba. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin kurmin Jakara, wanda ya ke kusa da dutsen Dala tun zamanin Barbushe. Ruwansa baƙi ne, itatuwa sun kewaye shi, mutanen garin suna tsoronsa suna kai masa yanka. Da Musulunci ya kafu, gari kuma ya cika, sai kwarjinin wurin ya faɗi. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a nan, ita ce Kasuwar Kurmi da ke ci har yau. Mutum ya shiga ta ya fita ba zai ga inuwar kurmi ko ɗaya ba, sunan kaɗai ya rage. Jakara kuwa ta zama magudanar ruwan ƙazantar birni. Ba za a ce Rumfa ya yi ɓarna ba, gama kasuwar nan ta ciyar da mutane fiye da shekara 500, ta kuma kai sunan Kano har bakin Bahar Rum. Sai dai labarin ya nuna cewa kurmin da tsoro kaɗai ke tsaronsa, ranar da tsoron ya gushe ba shi da wani mai tsaro.

A zamanin dā ba a fita daji don kallo. Wanda ya ce zai bar gida ya tafi ganin ɓauna don nishaɗi, sai a ɗauka taɓin hankali ne ya same shi. Daji wurin haɗari ne, ba a shigarsa sai da dalili: itace, ko zuma, ko magani, ko nama, ko kuwa fatauci, shi ma sai an taru ayari guda. Dajin Gundumi da ke kan hanyar Sakkwato ya yi suna wajen ƙishirwa da 'yan fashi, Baturen nan Kilafaton ya ratsa shi a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Duk da haka akwai mutum ɗaya da ya san kallon dabba fiye da kowa, shi ne maharbi. Shi ya san sawun gwanki daga na kanki, ya san sa'ad da mariya ta ke sauka ruwa, ya san kukan da gwaggon biri ya ke yi in ya hangi damisa. Maharbin Hausa ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun, har ya matso kusa da gada ba ta ankara ba. Mai irin wannan dabara sai ya yi shekaru yana zaune shiru yana duban halin dabba kafin ya iya kwaikwayo. Abin da masanan zamani su ke yi da madubin hangen nesa da littafin rubutu, shi ya riga su yi da ido da haƙuri, bambancin kawai a ƙarshe shi ya kan saki kibiya.

Dakarkari sun girmama maharbi har bayan mutuwarsa. A dā matansu su kan gina tukwane na musamman a ɗora bisa kaburburan manyan mutane, kamar shahararrun mafarauta da 'yan kokawa, waɗansu da siffar mutum, waɗansu da siffar dabba. Da yawa daga tukwanen nan yanzu suna gidajen ajiye kayan tarihi na Nijeriya da na Turai.

Me ya sa namun daji suka yi yawa a wannan yanki a dā? Ba don mutanen lokacin sun fi na yanzu tausayi ba ne. Dalili na farko yaƙi ne. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya yi ta kai hari kan ƙasashen da ke kewaye da shi yana kama bayi. Mutane suka gudu suka haye duwatsu, suka matsu wuri ɗaya, suka bar filayen ƙasa babu kowa. Gonar da aka bari shekara goma ta zama saura, wadda aka bari shekara talatin ta zama daji. Dalili na biyu ƙudan tsando ne, wanda ya ke sa wa shanu sammore, mutane kuma ciwon barci, amma namun daji sun saba da shi ba ya kashe su. Inda tsando ya yi yawa Bafillace ba ya zama. Akwai kuma wani ƙaramin baƙin ƙuda na bakin koguna masu gudu wanda cizonsa ya ke kawo makanta, shi ma ya kori ƙauyuka da yawa daga bakin ruwa. Na uku, makamin maharbi baka ne da kibiya mai dafi, in ya yi yawa bindigar toka, mai harbi ɗaya a sake ɗuri. Ashe abin da ya cika daji da giwa da zaki wahalar mutane ce. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma wanda ya ke kewar dajin dā ya kamata ya san kuɗin da aka biya.

Su ma dabbobin ba su tsira daga annoba ba. Wajen 1890 ciwon bushiya ya ratso Afirka daga gabas, ya kashe mafi yawan shanun Fulani, ya kuma kama ɓauna da mugun dawa da ire-irensu. Sai a 2011 aka ba da sanarwa cewa an kawar da wannan ciwo daga duniya baki ɗaya.

Turawan Ingila sun ci Kwantagora a 1901. Da harin bayi ya ƙare, mutane suka fara saukowa daga duwatsu suna sare daji suna shuka. Turawan kuwa sun zo da tasu sha'awa. Da yawa cikin hafsoshinsu mafarauta ne, masu son rataya ƙahon ɓauna a bangon ɗaki, sun kuwa ga yadda bindiga ta ƙarar da namun daji a Afirka ta Kudu. A 1900 ƙasashen Turai masu mulki a Afirka suka yi taro a London suka rubuta yarjejeniyar tsaron namun daji, aka sake yin wata a 1933. A Nijeriya aka yi dokar kare namun daji a 1916, da dokar gandun daji, aka ba En'e ikon keɓe dazuzzuka. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji a 1963.

Talaka bai karɓi gandun daji da murna ba, yana kuwa da hujja. Wurin da kakansa ya yi farauta, ya ci zuma, ya haƙa magani, sai ga malamin daji ya kafa duwatsu ya ce daga yau kowa ya sa ƙafa za a kai shi gaban alƙali. Mai kuɗi ya yanki lasin ya harbi abin da ya ga dama, mai baka da kwari ya zama ɓarawo a dajin garinsu. Giwa ta fito daga gandu ta tattake gonar mutum cikin dare ɗaya, babu mai biyansa. Tsakanin kurmin gargajiya da gandun hukuma akwai wannan babban bambanci: na farko mutanen wurin ne suka yi wa kansu doka, na biyu daga bisa aka sauko musu da ita. Dokar da mutum bai sa hannu wajen yinta ba, ya kan kiyaye ta ne muddin mai gadi yana tsaye.

Kallon namun daji don nishaɗi ya fara sosai a Arewa da Yankari, a ƙasar Bauchi. An kawo shawarar keɓe wurin tun 1934, aka keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu kallo ran 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 2,200. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, da rani in ciyawa ta bushe sauran ruwaye suka ƙafe, sai giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza su yi ta saukowa bakin kogin, mai kallo yana bisa mota yana ganinsu. Akwai kuma maɓuɓɓugar Wikki mai ruwan ɗumi garai-garai, wanda zafinsa ba ya sauyawa dare da rana, rani da damina. Shi ma Yankari ba dajin Allah ba ne tun fil azal. Cikinsa akwai kogunan dutse da mutane suka sassaƙa, da tsofaffin rijiyoyi fiye da 100, da matoyar tama, shaidar cewa an yi zaman gari a nan kafin a watse.

Akwai wanda ya fi Yankari kusa da Zuru, yana kudu, a Jihar Neja. An gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968, tafkinta ya haɗiye tsohon garin Busa, aka tayar da mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. A yammacin tafkin akwai dajin Bargu, a gabas akwai na Zugurma. Aka haɗa su biyu, a 1979 suka zama gandun namun daji na ƙasa na farko a Nijeriya, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Gabas da Zuru kuma, a ƙasar Birnin Gwari, akwai Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, ya zama na Gwamnatin Tarayya a 1999. Yankari ma ya shiga hannun Tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

To, su wane ne suka je kallo? Turawa ne da manyan ma'aikata da 'yan makarantar da aka kwasa a mota sau ɗaya a rayuwarsu. Daga garin Bauchi zuwa masaukin baƙi na Yankari tafiyar fiye da kilomita 100 ce, ga kuɗin mota, ga na shiga, ga na kwana. Manomin Rikoto ba shi da wannan hali, ko da yana da shi damina ba ta barinsa, rani kuma akwai abin da ya fi kallo muhimmanci. Saboda haka gandun da ke nesa ya zama abin da a ke ji a rediyo. Mutum ba ya kishin abin da bai taɓa gani ba.

Waɗansu ƙasashe sun gane wannan da wuri. A Kenya an keɓe gandun Nairobi a 1946, kilomita 7 kacal daga tsakiyar birni, har mutum ya kan ga raƙumin dawa yana kiwo ga dogayen benaye a bayansa. A Nijeriya an yi irin wannan ƙoƙari a farkon shekarun 1970. Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa gandun namun daji a gefen garin Jos a 1972, Gwamna Audu Bako kuma ya gina gidan zu a Kano. Kowace salla dubban yara su kan cika gidan zu na Kano, da yawansu nan ne suka fara ganin kura ido da ido bayan sun sha jin labarinta a tatsuniya. Amfaninsa ba ƙarami ba ne. Amma zakin keji ya kan wuni yana kai da komowa cikin taku goma, mai kallonsa ya ga fata da gashi, bai ga halin zaki ba. A Legas wata ƙungiyar kare halittu ta keɓe hekta 78 a Lekki a 1990, lokacin wurin daji ne da fadama, yanzu gine-gine sun kewaye shi ta kowane gefe.

Misalai biyu sun fi kama da Girmace. Na farko kurmin Osun ne a gefen garin Osogbo na ƙasar Yarabawa, mai hekta 75. A shekarun 1950 ya kusa ƙarewa, masu sara da masu farauta sun shige shi domin tsoronsa ya ragu. Wata Baturiyar Ostiriya, Susanne Wenger, tare da masu sassaƙa na garin da sarkinsu suka tsaya a kansa, gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa a 1965, hukumar UNESCO ta lissafa shi cikin gādon duniya a 2005. Watau da tsoro ya fara raguwa sai aka ƙara masa doka da alfaharin gari. Na biyu kurmin Amurum ne, kilomita 15 daga Jos, a ƙasar mutanen Laminga. Da yardarsu aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a nan a farkon shekarun 2000, tana haɗe da Jami'ar Jos. Wurin bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙidaya tsuntsu wajen iri 300 a cikinsa, 'ya'yan ƙauyen kuwa sun sami aikin jagora da na taimakon masu bincike.

Manyan gandayen fa? Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, yanzu an wuce miliyan 200. Kowane baki yana son tuwo, kowane tuwo yana son itace ko gawayi. An kashe tsando da feshi a wurare da yawa, shanu suka shiga inda dā ba su iya shiga. Bindigar toka ta ba da wuri ga bindiga mai sarrafa kanta. Binciken da aka buga a 2014 ya ƙiyasta zakunan da suka rage a dukan Afirka ta Yamma wajen 400 ne, na Nijeriya ba su kai 50 ba, a Kainji da Yankari kaɗai. Giwayen Yankari, garke mafi girma da ya saura a ƙasar, an ƙiyasta su tsakanin 100 da 150.

Daga baya wani abu ya zo wanda waɗanda suka shata gandun daji ba su yi tunaninsa ba. Daga wajen 2011 'yan bindiga masu satar shanu da mutane suka yi sansani a dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari, cikinsu har da Kuyambana da Kamuku. Wurin da aka hana manomi da maharbi shiga, aka kuma bar shi da 'yan gadi kaɗan marasa makamin kirki, ya zama ɗaki babu mai shi, ɓarawo ya shiga ya shimfiɗa tabarma. Masifar ta iso ƙasar Zuru, musamman Danko da Wasagu da Sakaba, ƙauyuka suka tashi, gonaki suka kwana ba shuka. A Yunin 2021 aka sace 'yan makaranta a kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a Maris na 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba. Mutane suka sāke matsowa cikin gari kamar zamanin Nagwamatse, sai dai wannan karo dajin da suka bari bai cika da giwa ba.

Akwai labarin da ya nuna abin da maƙwabta su ke iya yi. A Jamhuriyar Nijar, a yankin Kure, kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suka rage 49 kacal a 1996. Ba su cikin wani gandu mai shinge, cikin gonakin gero da wake su ke kiwo. Gwamnati ta hana kashe su, ƙungiyoyi suka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da rance, samarin wurin suka zama masu yi wa baƙi jagora. Cikin shekara 20 da 'yan kai suka wuce 600. Harin da aka kai wurin a Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsinke zuwan baƙi ƙwarai.

Game da kadojin kurmi irin na Girmace, ilmin zamani ya ƙara haske. An daɗe ana zaton kadan Afirka ta Yamma da na kogin Nilu iri ɗaya ne. A 2011 masana suka tabbatar iri biyu ne, na yamma ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi sanyin hali. Wannan ya taimaka wajen gane yadda mutanen Paga a arewacin Gana da na Bazule a Burkina Faso su ke zaune da kadojin tafkunansu har yara suna wanka kusa da su, ko da ya ke kada kada ne, mai hankali ba ya wasa da shi. Macen ta kan haƙa rami a bakin ruwa da rani ta binne ƙwai, ta yi gadinsu wajen wata uku, zafin ƙasa ne kuma ya ke yanke ko 'ya'yan za su fito maza ko mata. In aka sare itatuwan bakin ruwa, ko aka kwashe yashi don gini, an taɓa zuriyar ko ba a jefi kada ko ɗaya ba.

Tsuntsayen cikin gari ma suna da nasu tarihi. Shamuwa ta kan iso da farkon damina ta yi sheƙa bisa tsamiya ko rimi a tsakiyar unguwa, manomi ya gan ta ya fara gyaran gona, babu mai jifanta. In kaka ta yi sai ta tashi ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka, badi ta komo. Ita al'ada tana tsaronta har yanzu. Ungulu ba ta sami wannan gata ba. A shekarun 1960 babu mahauta ko kasuwa a Arewa da ba a ganinta bisa katanga tana jiran mahauci ya juya baya. Guba da masu sayen kanta da ƙafafunta don magani suka ƙarar da ita, har a 2015 hukumar da ke lissafin halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda su ke gab da ɓacewa. Akwai garuruwa da yawa a ƙasar Hausa inda yaro ɗan shekara goma ya san karin maganar ungulu, amma bai taɓa ganinta a sama ba.